Mai Jan Takalmi Ɗaya

Sati uku da zuwan Inna ƙasar waje, ba ta taɓa fita ita kaɗai ba. Ɗanta direban bas ne, kullum kafin ya tafi aiki sai ya yi mata karatu kamar shi ya haife ta.

"Inna, kar ki buɗe wa kowa ƙofa. Nan kowa harkar gabansa yake. Takardun zamanmu ba su gama fitowa ba, abu kaɗan sai ya sa a kore mu."

Ita dai ta kasa gane wannan gari, mutum hamsin a bene ɗaya amma ba mai ce wa wani ina kwana.

Ran nan da hantsi ta ji kuka a bakin ƙofa. Ta leƙa ta 'yar hudar ƙofar: yarinya ce 'yar shekara biyu, majina shaɓe-shaɓe, jan takalmi a ƙafa ɗaya. Duk ƙofofin a rufe, ba wanda ya ko leƙo. Inna da ta raini 'ya'ya tara, kafin ta tuna da gargaɗin ɗanta har ta ɗauko ta. Ta wanke mata fuska, ta ba ta madara, ta saɓa ta a baya ta ɗaure da zane. Uwar za ta biyo sawu, in ji ta a ranta, a yi dariya a san juna.

Yarinyar ba ta daɗe da barci ba sai ga jiniya. Inna ta ɗaga labule. Motocin 'yan sanda uku a ƙasa, ga wata mata tana ihu tana dukan ƙirji, a hannunta jan takalmi ɗaya. Inna ta dubi 'yar ƙafar da ke reto a kwankwasonta. Ta kira ɗanta a waya ta faɗa masa.

"Innalillahi! Inna, me kika yi?"

"Kuka take yi, ɗan nan."

"Nan sata suke kiran wannan! Ki buɗe musu, ki miƙa musu wayar. Ga ni nan."

Tana jin su suna bin ƙofa ƙofa, bugun yana matsowa. Tsoron da ta ji, ko ranar da ta fara hawa jirgi ba ta ji irinsa ba. Da aka bugi tata ta buɗe, kuma da yake ba ta da kalma ɗaya ta yarensu, sai kawai ta juya musu baya.

Uwar ta fizge 'yar tun zanen bai gama kwancewa ba. Ta ɗaga mata riga, ta duba ciki, ta duba hannuwa, ta shinshina bakinta. Wannan dubawar ta fi jiniyar yi wa Inna ciwo.

Awa biyu ana tambayoyi, ɗanta yana fassara, gumi ya jiƙe masa rigar aiki. Daga baya kyamarar benen ta nuna yarinyar da kanta ta shiga lif, na'urar hawa da sauka, daga hawa na shida, ya sauke ta a nasu. 'Yan sandan suka tattara suka tafi. Ɗan bai yi faɗa ba, zama ya yi ya dafe kai.

"Sun ce ba komai, Inna. Amma sun rubuta sunanmu."

Bayan kwana huɗu ya sauko da ita shan iska. A bakin lif sai ga uwar da 'yarta, takalma biyu cif. Yarinyar tana ganin Inna ta ƙwace, ta sheƙo da gudu, hannuwa a sama. Inna ta mayar da nata hannuwan baya ta damƙe su, ta yi ta ja da baya har ta haɗu da bango. Yarinyar ta tsaya a gabanta, hannuwa a sama, tana jira.