Ƙwan Da Bawa Ya Cire

Motar ta shigo garejin Bawa a Gusau ɗaure da igiya a bayan wata a-kori-kura, kamar bijimin da ake ja zuwa mahauta. Lawali direba yana ciki riƙe da sitiyari. A hanyar Tsafe injin ya mutu masa da fasinja shida, a wurin da ba mai son tsayawa ko da fitsari ya matse shi.

Bawa ya san motar. Wata biyu da suka wuce shi ya yanke tsohuwar salansarta, ya jona sabuwa mai ƙara wadda ba ta da tukunyar tace hayaƙi. Yana tayar da ita fitilar gargaɗin inji ta kama. Ya cire kan batir ya mayar, ta sake kamawa. Ranar Juma'a ce, an kusa kiran salla, ga wasu motoci uku na jira. Sai ya kwance allon gaban direba, ya zare ƙwan fitilar, ya jefa a kwandon tarkace. Makanikai da yawa suna yin haka, kuma yawan masu yi bai mayar da shi daidai ba.

Alhaji Isah mai motar ya iso tare da Zaharaddeen, mai duba mota da na'ura. Aka murɗa makulli, Zaharaddeen ya jona wayarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya shiga karanta lambobi.

"Matsala biyu ce, Alhaji. Ta farko ta salansa ce, ba ta kashe mota. Ta biyu ita ce mugunyar. Injin nan ya yi makonni yana shan iska fiye da fetur, har fistin ya ƙone. Tun ranar da abin ya fara fitila ke ci."

Alhaji ya juya. "Ka ji, Lawali? Makonni!"

"Wallahi Alhaji ban taɓa ganin wata fitila ba."

"To makaho na ba motata ke nan. Ko hirar fasinja ce ta rufe maka ido?"

Kowa ya sunkuya kan na'urar, ban da Bawa. Shi allon yake kallo. Fitilar mai tana ci, ta batir tana ci, ta birki tana ci, a tsakaninsu akwai wuri ɗaya baƙi ƙirin. Wanda duk ya ɗaga kai zai gani. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Bawa ya miƙa hannu ya kashe makullin.

"Kada batir ya sauka," in ji shi.

Lawali ya matso, muryarsa ta yi ƙasa. "Malam Bawa, kai ka san ni. Shekara bakwai ina kawo maka motar nan. Ko ƙara na ji baƙuwa, ba nan nake zuwa ba? Ka faɗa masa."

Bawa ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa, alhali ba komai a hannun.

"Lawali yana da kula, Alhaji. Sai dai na'ura ba ta ƙarya."

Alhaji Isah ya zare makullin da kansa. "Lawali, ka tafi gida Bungudu ka huta. Mai 'ya'ya biyar da bai iya tsare abincinsa ba, ni ba zan tsare masa ba." Ya danƙa makullin a tafin Bawa. "Ka sauke injin. Kuma ka nemo mini direba mai ido, kai ka san mutanen kirki."

Lawali ya ɗauko dardumarsa da butarsa daga bayan kujera. Ya tsaya gaban Bawa.

"Na gode da shaidar da ka yi mini. Ka yi iyakar ƙoƙarinka."

Ya nufi bakin titi. Sai da ya tare ɗan acaba, ya ɗora ƙafa, sannan Bawa ya ɗaga murya.

"Lawali!"

Ya waiwayo, yana jira. Alhaji ma ya waiwayo.

"Ka gaida gida," in ji Bawa.