Iskar da Ta Hana Joy Zuwa Gida

Malama Hannatu tana jujjuya wani ɗan jan takalmi a hannu, irin mai kuka idan yaro ya taka, sa'ad da Maman Timothy ta jefo mata maganar.

"Ashe bana ba za a kai jikarki Joy gida Kirsimeti ba? Ai gara haka. Allah dai ya kiyaye gaba."

"Ya kiyaye me?"

Maman Timothy ta waiga hagu, ta waiga dama, ta rage murya, kamar duk Babbar Kasuwa za ta bar ciniki ta saurare ta. Rumfar kayan yara gare ta, kuma zumuntar mata ɗaya suka yi da Hannatu tun tana koyarwa a Kaduna.

"Iskar nan mana. An ce likita da bakinsa ya faɗa, abin da ya kama yarinyar da damina iskar gidanku ce ta ƙauye. Kin san kuwa idan har likita ya kai ga ambaton iska, abu ya wuce allura."

"Wa ya ce?"

"An ce."

"Shi An ɗin nan namiji ne ko mace? Shekara talatin da biyar ina kiran suna a aji, ban taɓa samun ɗalibi mai suna An ba."

"Haba Malama, ni fa tausayi ne ya sa na yi magana. Wata ce a majami'armu, tana zaune a layin asibitin ranar, ta ji da kunnenta. Har addu'a muka sa ku a ciki ranar Talata."

Addu'ar ce ta fi ƙona wa Hannatu rai. Wato mata arba'in sun rufe ido, sun ɗaga hannu, suna korar aljanu daga gidan da ita da mijinta suka gina da albashin koyarwa. Ta ajiye takalmin a kan tarin 'yan'uwansa, ta gyara gilashinta.

"Ku ci gaba da addu'ar, ba ta ɓaci. Ni zan je in tambayi likitan."

A cikin keke, hanyar Badarawa, ta yi ta ƙulla zancen tana kwancewa. Tantance 'yan fansho ne ya kawo ta Kaduna, kwana biyar ke nan tana gidan ɗanta Kaleb, jibi kuma za ta koma ƙauyensu da ke bayan Zonkwa. Can ta baro mijinta, Baba Yakubu, wanda ɓarin jikinsa na hagu ya shanye shekara biyu da suka wuce. Ba ya iya doguwar tafiya a mota. Jikarsa ɗaya tak, Joy, shekararta biyu da wata huɗu, kuma sau ɗaya ya taɓa ɗora ta a cinya, a watan Agusta. A kwana na uku na wannan zuwan numfashin yarinyar ya sarƙe, ƙirjinta yana fito kamar usur, iyayen suka kwaso ta suka dawo. Tun daga nan tsohon ba shi da wata magana sai ta Kirsimeti. Da Hannatu ta tashi tahowa bai ce ta sayo masa komai ba. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "Ki taho mini da ranar da za su zo."

Kwana biyar tana tambayar ranar, kwana biyar Kaleb yana cewa ana dubawa.

Ta tarar da surukarta Gloria a falo, kanta a kan waya. Joy tana ƙasa, ta kifa kwanon silba tana duka da ludayi.

"Sannu da dawowa, Mama. Ya kasuwa?"

"Kasuwa ta ci har ta ba ni labari. Me kike dubawa?"

Gloria ta yi kamar za ta kife wayar, amma ta makara. Hannatu ta miƙa hannu, irin miƙawar da ba a yi mata gardama, ta karɓa. Rubutu ne da Turanci, wuraren hutu goma da suka dace da iyali masu ƙaramin yaro. An sa wa biyu alama: wani otal a Jos, wani a Abuja.

"Jos," in ji Hannatu. "A Disamba. Yarinya mai ciwon ƙirji za ku kai garin da ruwan randa yake cizon haƙori."

"Akwai wurin wasan yara, Mama. Da lilo, da wurin iyo."

"Ta iya iyo ne? Dube ta. Ga lilonta nan, ga wurin iyonta, kwano da ludayi. Wanda ya rubuta wannan abin ya san Joy? Ya san tana da kaka da ba ya iya tashi? Yaro ɗan shekara biyu bai san Jos ba, bai san Abuja ba. Cinyar da ya zauna ya sani."

Hannatu ta mayar wa Gloria wayarta.

"Ni ba Jos ce ta dame ni ba. A kasuwa aka gaya mini wai gidana akwai iska. Wai likita ya faɗa. Kin ji wannan maganar?"

"Na ji ana faɗa."

"Kin yarda?"

"A'a, Mama."

"To me ya hana ku zuwa?"

"Mama, ki bari Baban Joy ya dawo daga ofis, ku yi maganar."

"Kaleb tun yana aji uku idan ya fasa abu yake cewa ana dubawa. Ɗauko katin asibitin yarinyar nan. Ki saɓa ta mu tafi. Ba za su yi mini bayani ba sai da uwarta, na san dokarsu."

"Mama, don Allah..."

"Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ɗauko mayafinki."

Asibitin na kuɗi ne, ƙarami, a wani layi a Doka. Sun yi awa ɗaya da rabi a kan benci. Hannatu ta ƙare wa wurin kallo: ƙofar likita a buɗe take rabi, labule ne kawai, duk wanda yake kan bencin farko yana jin abin da ake faɗa a ciki, ko dai rabinsa. Ta gyaɗa kai. Ta ga inda An yake zama.

Likitan, Dakta Yusha'u, bai fi sa'an Kaleb ba. Ya gaishe ta da ladabi, ya ja kumatun Joy, ya buɗe fayil.

"Me yake damun ta yau?"

"Ita lafiyarta ƙalau. Ni ce ba ni da lafiya, ɗana, kuma maganarka ce ta kwantar da ni. Kai ne ka ce akwai iska a gidana?"

Ya ɗago kai. "Iska kuma?"

"Iska. Mutanen ɓoye. Aljanu. Duk matan majami'a sun san likitan Doka ya gano su, saura ni mai gidan."

Ya dubi fayil ɗin, ya dubi Gloria, sai dariya ta kuɓuce masa. Ya yi sauri ya rufe baki da ya ga fuskar tsohuwar.

"Ki gafarce ni, Mama. Na tuna ranar. Mahaifinta hankalinsa a tashe yake, sai na bar Turanci na yi masa bayani da Hausa, a bakin ƙofar nan. Na ce masa iskar da ta shaƙa ce ba ta da kyau. Iska, Mama. Wannan da muke ja da hanci."

Hannatu ta juya ta dubi surukarta, ta buga tafin hannu a cinya.

"Kin ji ko? Kalma ɗaya, an raba ta biyu, an ɗauki rabin da ya fi daɗin yawo. Wata huɗu!" Ta komo kan likitan, don ba ta gama da shi ba. "Amma kai ma da sauranka. Iskar ƙauyenmu ce ba ta da kyau? Ka taɓa zuwa? Duwatsu ne da itatuwa. Ku da kuke kwana da hayaƙin janareto a nan, ku ne za ku raina mana iska?"

"Ta waje ba ta da laifi. Da zan samu ma da na je na sha. Ta cikin ɗakin da ta kwana nake nufi."

"Ɗakina ta kwana. A share yake, a goge."

"Ban musa ba." Ya sa yatsa a kan rubutunsa. "Ga abin da iyayen suka gaya mini. Kaskon gawayi a cikin ɗaki har safe. Maganin sauro mai hayaƙi, guda biyu. Tagogi a rufe, an toshe kafofin da tsumma. Kwana uku a jere." Ya rufe fayil ɗin. "Ƙirjinta ba ya son hayaƙi, akwai alamar asma. Babba ma abin yana iya kayar da shi, balle ita. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum yana barci. Wa yake kwana a ɗakin yanzu?"

Fanka tana juyawa a sama. Joy ta kama abin awon ƙirjin da ke wuyan likitan tana ja.

Hannatu ta san kaskon. Ita ta saye shi, don tun da jikin Baban Kaleb ya shanye ɓarin nan ba ya jin ɗumi, da damina har kakkarwa yake yi. Ita take hura shi kowace yamma. Tsumman ma ta san shi, tsohon zanenta ne ta yayyaga. Kuma ita ce ta kwance yarinyar daga bayan uwarta a ranar da suka iso, ta ce jikarta ba baƙuwa ba ce da za ta kwana a ɗakin baƙi, kusa da kakanta za ta kwanta. Ita da ta yi shekaru tana kifa kofin gilashi a kan kyandir a gaban 'yan aji biyar, tana tambayarsu me ya kashe wutar.

"Ni da mijina," ta ce.

"To ku ma ku daina, Mama. A ƙara masa bargo, a sa masa ruwan zafi a gora a naɗe da tawul. Sauro kuma gidan sauro ya ishe shi."

"Yarinyar fa? Za ta iya zuwa?"

"Ko'ina za ta iya zuwa, in dai ba hayaƙi, kuma a tafi da maganinta na shaƙa. Na gaya musu haka tun a lokacin."

Suka fito bakin titi. Rana ta karkata, masu keke suna ta yi musu hon. Hannatu ta tsaya a inuwar wani shago, ta cire gilashinta, ta goge, ta mayar.

"Tun Agusta kuka sani."

"E, Mama."

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

Gloria ta gyara goyon. "Na ce a gaya miki. Baban Joy ya ce ba a gaya miki kin yi kuskure. Ya ce ko Baba bai taɓa gwadawa ba."

"Sai kuka bar gidan mijina ya zama gidan aljanu a bakin mata."

"Ba mu muka faɗa ba."

"Ba ku ƙaryata ba! Ya fi muku sauƙi a ce aljani ne da a ce Hannatu ce. Kuka bar tsoho yana ƙirga kwanaki, ku kuna nan kuna zaɓen lilo a waya. Kuka bar mu muna kwana a cikin hayaƙin wata huɗu, don kada raina ya ɓaci. Wannan ne ladabi? Da mun mutu fa, da wa za ku yi wa ladabin?"

Idon Gloria ya kawo ruwa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Mun yi laifi, Mama. Amma ni ce na riƙe ta a mota tun daga Zonkwa har Kaduna, ina sa kunne a ƙirjinta in ji ko tana nan. Idan za a hura wuta a ɗakin nan, ba zan kai ta ba. Ko za ki yi fushi da ni har ƙarshen rayuwata."

Hannatu ta daɗe tana kallon ta. Shekara huɗu da auren, yau ne karo na farko da yarinyar nan ta tsaya a gabanta ta faɗi magana har ƙarshenta.

"Ran nawa Kaleb zai samu hutu?"

"Ashirin da biyu."

"Ashirin da uku ke nan kuna hanya. Ki cire Jos ɗin nan daga wayarki."

Hannatu ta buɗe jaka ta lalubo tata wayar, ƙarama mai maɓallai, ta kira mijinta. Sai da ta yi ta ƙara kafin a ɗauka, don da hannu ɗaya yake lalube. Ta ji numfashinsa, sannan muryarsa mai nauyi.

"Maman Kaleb? Za su zo?"

"Za su zo, ran ashirin da uku. Kada ka bari a hura maka kasko yau, a ɗauko bargon da ke cikin akwati, a buɗe taga."

"Me ya faru?"

"Na je wurin likitan. Babu aljani a gidanmu. Hayaƙin kaskon da nake hura maka ne ya kama ƙirjin Joy, kuma ni na rufe tagogin."