Murhun Gida Mai Lamba Tara

"Kun yi ɓatan kai," in ji Ghislaine, ta tare ƙofa da jikinta. "Gidan 'yan haya yana ƙasan layi, lamba sha huɗu."

Masu kawo kayan suka dubi takarda, suka dubi baƙar rigarta. Shekaranjiya aka binne mijinta Odilon, ko kofunan da masu ta'aziyya suka sha kofi a ciki ba ta gama wankewa ba.

"Madam, lamba tara aka rubuta. Murhun ɗumama gida ne, an biya har kuɗin haɗawa."

"Lamba tara ba a kawo mata komai. Shekara arba'in nake nan, na fi takardarku sani."

Gaskiyarta. Kaf unguwarmu a birnin Charleroi an san Odilon: gidan haya uku, rigar sanyi ɗaya. Kuɗin haya su shigo da safe, kafin yamma sun hau gyaran rufin wani ɗan haya. 'Yan haya na yawo da singileti a watan Janairu don ɗumin gidajensu, matarsa na fere dankali da safar hannu don sanyi. In ta yi magana ya ce, "Bari a gama rufin sha huɗu, sai mu fara ci." Aka gama rufi, sai tagogi. Aka gama tagogi, sai gida na uku. Sanyi ya murɗe mata yatsu, wa zai biya ta wannan?

Maƙwabciyarta Fernande ta leƙo ta taga. "Karɓi abinki mana! Sau ɗaya marowaci ya yi mantuwa, za ki gyara masa?"

"Rufe mini baki, uwar gulma." Ghislaine ta juyo kan mai takarda. "Yaushe ya saya?"

"Talatar makon jiya. Da ƙafarsa ya zo. Ya ce a zaɓo wanda tsohuwa za ta kunna ba sai ta sunkuya ba."

Ghislaine ta dafa bango. Ran Litinin, ana gobe zai sayi murhun, ta ce masa ta gaji, za ta je wurin lauya a ware mata rabonta ta ci tun da sauran haƙoranta. Ya ci gaba da shan romonsa. Ran Laraba zuciyarsa ta tsaya a gindin tsani, a lamba sha huɗu. To tsoron lauya ne? Kunya ce? Ko ya ji a jikinsa, ya ɓoye mata? Ta tanadi maganganu cikin cikinta, ga shi ya tafi bai saurari ko ɗaya ba.

"Madam, mu shigo ko mu mayar?"

Ta matsa gefe.

Da la'asar ɗakin ya ɗauki ɗumi, gilashin taga ya yi gumi. Ta zauna tana fuskantar kujerarsa.

"Mugu," ta ce. "Yanzu wa zan kai ƙara?"

Rigarsa na rataye a ƙusa. Ta zare safar hannunta ɗaya ta ajiye a cinya. Ɗayar ta bar ta tukuna.