Bangon Yamma na Gidan Amaro

A ƙauyen su Sabela da ke bakin tekun Galisiya, iska ce ke kwaso ruwan sama ta watsa wa gidaje a kaikaice. Gidansu shi ne na ƙarshe a kan tudu, don haka bangonsu na yamma ke fara shan marin. Bangon dutse ne aka lulluɓe da katako. Mijinta Amaro, wanda ya tsufa yana sassaƙa jiragen kamun kifi, kowace bazara sai ya kankare katakon ya shafa sabon fenti. Sanyi na shigowa katakon ya jiƙe ya kumbura, laima ta ratso ɗakin kwana, fumfuna ta yi baƙi ƙirin a bayan gado.

Bana kuwa abin ya sauka a ƙirjin Amaro. Tari ya kama shi, har likita ya ce in ya sake cin wani sanyin a ɗaki mai laima, ba zai ji da daɗi ba. 'Yarsu Iria ta bugo waya daga Ourense, inda take aure.

"Mama, na ba ku sanyin nan mai zuwa. In tarin Baba bai tafi ba, da bikin Ista zan zo da motar kwasar kaya. Ga ɗaki nan a gidana."

Sabela ta ajiye wayar. Ta san in aka raba tsohon nan da teku, an gama da shi.

Ita sana'arta ɗinkin ragar masunta. Ragar da ta fi ƙarfin ɗinki, ƙungiyarsu ta mata ke tarawa, wata masana'anta ta kwashe. A masana'antar ne ta ga abin da ake yi da ita: a niƙa ta da tsofaffin akwatunan roba, a cuɗa da garin katako, a fitar da dogayen falankai na rufe bango. Ta roƙi guntu ɗaya ta kai gida, ta ajiye kusa da kwanon miyar kabejin Amaro.

Ya ɗauka, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da yatsa. "Wannan kuma mene ne?"

"Maganin tarinka."

"Ke Sabela, bola zan manna wa gidan ubana? Ni da na yi rayuwata da itace?"

"Itacen naka ne ya kusa kai ka kabari, Baban Iria. Ci miyarka kafin ta huce."

Ba ta ƙara ja da shi ba. Washegari ta sa ya yanko guntun katakon da ya fi yarda da shi, ya shafe shi da fentinsa. Ta ɗaure shi da nata guntun a igiya ɗaya, suka zura su cikin ruwan mashigar jirage. A nan suka yi bazarar. Da kaka ta gabato suka jawo igiyar. Katakon Amaro ya yi nauyi, fentin ya ɗaɗɗaye, farce na shiga cikinsa. Na Sabela kuwa gansakuka ce kawai ta hau shi, ta sa hannu ta share, ya fito yadda ya shiga.

Amaro ya daɗe yana jujjuya shi. Can ya ce, "To. Amma ba wanda zai kafa min shi. Ni zan kafa."

Aka sayo falankan, ya kafa kuwa. Suka ɓamɓare ruɓaɓɓen katakon, suka bar dutsen ya sha iska. Ya jera sanduna a tsaye don a sami 'yar tazara tsakanin dutse da falankai, sannan ya fara daga ƙasa, kowane falanki leɓensa na hawa kan na ƙarƙashinsa, yadda ruwa zai gangare bai sami ƙofa ba. Sabela na miƙa masa, yana ɗaurewa, yana tari, yana mita.

"Haka ake jera katakon jikin jirgi," in ji shi. "Su masu masana'antar a wurinmu suka sata."

Maƙwabciyarsu Dorinda ta jingina da shinge tana kallo. "Sannunku da aiki! Sabela, in kin gama, ina da tsofaffin bokitai, ko za ki yi rufi da su?"

"Ajiye abinki, Dorinda, za ki buƙace su. Ba da su kike tarar ɗigar ɗakinki ba?"

Sanyin shekarar ya zo da fushi. Guguwa ta yi ta bin guguwa, jirage suka kasa fita, rufin makaranta ya yaye. Kullum da safe Sabela takan janye gado ta shafa bango da tafin hannu. Da fari da ɗan sanyin laima, ragowar ta da. Daga baya ta shafa ta ji shi ƙamas. Ta wanke fumfunar, ta zuba ido ta ga ko za ta dawo. Shiru. Tarin Amaro ya yi ta ja da baya, har wata safiya ta jiyo shi a bayan gida yana faskare yana waƙa da muryar nan tasa mai kama da ƙofar da ta rasa mai. Ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta yi dariya har da hawaye.

Iria ta cika alkawari, da Ista sai ga ta da motar kaya. Ta tarar da mahaifinta a kan tsani a gidan Dorinda, yana auna bango, Dorinda na riƙe masa tsanin tana cewa, "A hankali dai, Amaro, don Allah a yi min irin naku sak."

"Baba! Sauko! Kai da ba ka da lafiya?"

"Wa ya faɗa miki?" Ya cika ƙirji da iska ya sake ta, ko gyaran murya bai yi ba.

Iria ta shige ɗakin kwana, ta janye gado da kanta, ta shafa bango sama da ƙasa, ta buɗe kabad ta shinshina barguna. Ta fito ta dubi uwarta.

"To yanzu motar fa, Mama? Ga ta na kawo."

"Ba za ta koma wayam ba," in ji Sabela.

Suka gasa kifin sadin a tsakar gida, suka ci da burodin masara, Dorinda ta kawo kaskon waina. Da la'asar aka loda wa Iria buhun dankali, da kabeji, da kujerar da Amaro ya sassaƙa wa jikansa, ɗan Iria. Motar ta gangara tudu, tsofaffin biyu na tsaye a ƙofar gidansu suna ɗaga mata hannu.