Ƙidayar Baba da Ƙwai Dubu Biyu

Ƙarfe tara na safe wani mai kaji ya faɗo shagon gyaran kayan lantarki ko sallamar kirki babu, ya dire wani ɗan allon lantarki a kan tebur. Ƙauri ya riga shi yin bayani. Ƙwaƙwalwar injin ƙyanƙyasarsa ce ta ƙone, ga ƙwai dubu biyu a ciki, kwanansu goma sha biyu.

"Maiɗakina ta lulluɓe su da barguna, ta jera kwalaben ruwan zafi," in ji shi. "In aka wuce ƙarfe biyu, sai dai mu haƙa rami."

Auta ce ke riƙe da shagon yanzu. Babanta ne ya ƙera injin, shi ya rubuta manhajar da ke kunna wuta da kashe ta gwargwadon zafi. Tun da idonsa ya yi hazo ya koma benci a bakin ƙofa, daga shi sai sanda da rediyo. Ita da yayanta sun gama magana tun makon jiya cewa zaman nasa ba ya ƙara komai sai tare hanya. Abin da ya rage a samu mai ƙarfin halin faɗa masa ya riƙa hutawa a gida.

Akwai sabon allo a aljihun tebur, amma fanko ne, sai an zuba masa manhaja. Rubutun manhajar da Baba ya yi na nan a filas, 'yar ma'ajiyar da ake sokawa a jikin kwamfuta. Matsalar, tsohuwar kwamfutarsa ta mutu tun watan jiya, kuma a cikinta kwamfaila take, wato tafintar da ke juya rubutun mutum zuwa yaren da inji ke ji. Dole Auta ta kafa kayan aikin gaba ɗaya a tata kwamfutar, yau, yanzu.

"Ki sa irin wadda nake aiki da ita," in ji Baba daga benci. "Tana cikin faifan nan mai jan rubutu."

"Baba, kwamfutata ko ramin faifai ba ta da shi. Sabuwa zan sauko da ita, ta fi taka wayo."

"To, Allah ya taimaka."

Auta dai ba a haife ta da jira ba. Ko shayi a tsaye take sha. Ga intanet ya zaɓi yau ya yi tafiyar hawainiya, tana kallon layin yana rarrafe tana kaɗa ƙafa har tebur na rawa. Da tafintar ta sauka, sai ta ce ba za ta motsa ba sai an kawo ƙanwarta, wata manhaja mai haɗa gutsattsarin aiki. Ƙanwar ta zo, ita kuma ta ce sai da mai zuba manhaja cikin allo ta igiyar waya. Duk suka hallara, kwamfuta ta rantse ba ta san inda suke ba, sai da Auta ta rubuta mata adireshin kowacce. Sannan ta gyara takardar umarni, wadda ke cewa a fara da wannan fayil a bi da wancan. Ta danna, jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta. Ta gyara, ta danna, ya ragu. Mai kaji ya kasa zaune ya kasa tsaye, yana leƙa kafaɗarta kamar zai gane wani abu.

"Malam, numfashinka a wuyana ba zai ƙara mata sauri ba."

Sha ɗaya da rabi aiki ya haɗu tsaf, babu ja ko ɗaya. Ta zuba shi cikin allo, ta tsoma ma'aunin zafi a kofin ruwan ɗumi. Ɗan gilashin allon ya nuna tamanin da biyar. Ya koma sifili. Ya ce goma sha biyu. Ƙarar da yake yi duk sanda ya karanta zafi, wadda ta saba ji ɗaya bayan ɗaya, ta zama kururuwa babu tsayawa.

Gumi ya karyo mata. In aka sa wannan a inji, ko ya dafa ƙwan ko ya bar su su sandare. Ta canja ma'auni, ta canja igiyar waya, ta sake narka dalma a ƙafafun allon da ba su yi laifin komai ba. Wayar mai kaji ta yi ƙara sau uku, kowane karo ya fita ya dawo fuskarsa ta ƙara tsawo. Agogon bango ya ce ɗaya saura kwata. Tsoro ya kama ta sosai, don ba ta san inda za ta sake dubawa ba.

"Auta, karanta mini rubutun."

"Baba, babu lokaci."

"Sauri kan haifi nawa. Karanta."

Ta karanta da gudu, haushi na cin ta, layi bayan layi. Ta zo wani wuri ta tsallake.

"Me kika haura?"

"Ba komai ba ne. Ka sa shi ya ƙirga daga ɗaya zuwa dubu talatin, babu abin da yake yi a ciki."

"Shi ne aikin, 'yar nan. Ma'aunin ba ya amsa nan take. In ka tambaye shi, sai ka ba shi kusan daƙiƙa guda ya gama auna. Ƙidayar nan jira ce."

Auta ta buɗe abin da tafintar ta fitar, ta duba sama da ƙasa. Babu ƙidayar. Sabuwar mai wayo ta ga layin da ba ya haifar da komai, ta share shi don a yi sauri, ko gargaɗi ba ta yi ba. Allon yana tambaya yana fizge amsa kafin a ba shi.

Ta koma takardar umarni ta hana tafintar yin wayo. Ta haɗa, ta zuba. Kururuwa ta tsaya, ƙarar ta dawo ɗaya bayan ɗaya, amma lambar tana ɗan tsalle.

"Ya yi sauri," in ji Baba. Ya taso da sanda, ya laluba gefen tebur, ya kara kunne. "Wannan ba ta ƙirga irin tawa. Ƙara."

Ta mai da shi dubu arba'in.

"Ƙara kaɗan."

Dubu arba'in da biyar. Ya saurara, yatsansa na bugun tebur tare da ƙarar. Auta ta riƙe ƙafarta da hannu don kada ta kaɗa.

"Nan ne."

Gilashi ya nuna talatin da bakwai da rabi, ya zauna daram, daidai da ma'aunin hannu da ke cikin kofin. Mai kaji ya naɗe allon a hankici, ya hau babur ya ɓace, ko godiya sai daga nesa aka jiyo ta.

Sai jira. Auta ta share tebur, ta sake share shi. Biyu da minti ashirin waya ta shigo: zafi ya hau, matar ta haska ƙwai goma da tocila, tara suna motsi.

Ba ta ajiye wayar ba wani kiran ya shigo. Yayanta ne.

"Ya ake ciki? Kin faɗa masa kuwa?"

Ta dubi bakin ƙofa. Baba ya koma bencinsa, ya ɗora haɓa a kan sanda, ba ya yin komai. Kunya ta rufe ta har ta ji idonta na zafi.

"Yaya," ta ce, "gobe ka taho da kafinta. Bencin Baba ƙafa ɗaya na girgiɗi, kuma ciki nake so a shigo da shi, kusa da tebur."