Sabon Gilashin Mainassara

"A hankali, Illo, kada yatsanka ya taɓa fuskarsa," in ji Mainassara. Yana tsaye a kaina yana tari.

Ni mai gyaran agogo ne, shi mai ɗaukar hoto, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu a Magariya. Akwatin hotonsa ne a cinyata, irin mai ido biyu da ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. Na kwance ƙananan kusoshin, na ciro tsohon gilashin da yake daidaita fuskar mutum a ciki kafin ya ɗauka. Ya dushe kamar gindin kwalba. Sabon kuwa wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo masa daga Kano, garau, da ɗan zobe a tsakiya.

Da na ɗaure, ya karɓa ya sunkuya a kai, ya juya shi wajen matarsa Hamsatu da ke ɓarar gyaɗa a gindin dalbejiya. Ya murza, ya sake murzawa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Hamsatu, yaushe kika yi furfura haka?"

"Tun shekarar fari, Malam. Yau ka gani?"

Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Da ya wanke hotunan farko, sai ga shi a rumfata da guda biyu, tsoho da sabo, ya jera su a kan teburina. Ko mai raunin ido irinsa zai ga bambancin. A tsohon, mutum kamar yana tsaye a bayan hayaƙi.

"Kun sani?" ya tambaye ni.

"Mun sani, Yaya. Ba wanda ya so ya faɗa maka."

Ya kwashe hotunansa ya tafi.

Tun daga ranar ya shiga bin mutane gida gida, yana sake ɗaukar duk wanda ya ɗauka a shekarun da idonsa ya yi rauni. Mahauta, amaren bara da goyonsu, tsofaffin da ya yi wa hoton katin ɗan ƙasa. Ranar kasuwar Guci ya bi mota ya je, ya dawo ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi fita. Hamsatu ta roƙe ni in hana shi. Na gwada.

"Fuskokin mutane na ɓata, Illo. Bari in mayar musu."

Wata safiya ya ce in raka shi bayan gari, don ba ya iya tafiya sai da dafa kafaɗa. Gidan Inna Ƙande muka nufa, tsohuwar da ɗanta Ayuba ya kora shanu kudu lokacin fari, shanun suka ƙare, shi ma labarin rasuwarsa kawai ya dawo. Kafin ya tafi, Mainassara ya ɗauke shi hoto, shi ne kaɗai hoton da Ayuba ya taɓa yi.

Ta fito da shi daga cikin ƙwarya, naɗe a tsumma. Saurayi ne da sanda a kafaɗa da malafa, amma idanu da baki duk sun narke.

Mainassara ya durƙusa da ƙyar.

"Inna, wannan ba ni da yadda zan gyara shi. Ki yafe mini."

Ta shafa hoton da gefen zanenta.

"Tashi, ɗan nan. Tsayuwarsa ce, ka ga yadda yake karkata kai? Sauran ni na sani, ni na haife shi."

Ya ce to bari ya ɗauke ta. Ta gyara kallabi, ta zauna a kan turmi, ta rungume hoton Ayuba a ƙirji. Na tallafe masa akwatin. Ya danna, ya ce, "Ta fito."

A hanyar dawowa sau da yawa muka zauna. Washegari ya shiga ɗakin wankin hoto, Hamsatu na jin tarinsa ta bayan ƙofa. Da ya fito ya kwanta, bai ƙara tashi ba. An kai shi likita, suka ce zuciya ce, a mayar da shi gida. Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa, kansa a cinyarta.

Bayan sadakar uku Hamsatu ta buɗe ɗakin. Hotuna ne rataye a igiya, sun bushe har sun fara lanƙwashewa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce ya shiga ya duba ko nasa na nan. Mutane suka riƙa fitowa, kowa da fuskarsa a hannu.

Inna Ƙande ce ta zo ƙarshe, da yamma, tana dogara sanda. Ta yi gaisuwa, Hamsatu ta miƙa mata nata. Ta kai shi dab da ido, kowane layi na fuskarta ya fito, har da zaren da ya warware a bakin kallabinta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta soke shi a ƙugun zane, ta lalubi takalmanta a bakin zaure da ƙafa, ta kama hanyar bayan gari.