Fallen da Kawu Ya Miƙar

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Ta zo mu ji ta, ko? To, madalla.

A unguwar Rikkos ta Jos akwai wata yarinya, Ummusalma, mai karatun injiniya a jami'a. Aikinta na ƙarshe a kan wani baƙin falle ne, faɗinsa kamar faifai. Da zaren kabon ake yin sa: a shimfiɗa wani a tsaye, wani a gicciye, a haɗa da gam, a gasa. In ya huce sai ya lanƙwashe, don kowace shimfiɗa da inda take ja. Ka danna shi, sai ya yi ƙas, ya koma lanƙwasa ta ɗaya gefen, ya zauna abinsa.

Watanni ta yi tana lissafi a kwamfuta, tana hasashen yadda lanƙwasar za ta ƙaru da sanyi, ta ragu da zafi. Saura ta auna fallen gaske ta nuna lissafin ya yi daidai, sannan a ba ta digiri. Fallen kuwa ɗaya tal gare ta. Ta kawo shi gida don sanyin safiyar Jos, ta ɗora kan tankin ruwa, ta shiga ɗauko ma'auni.

Sai ga Kawu Badruddeen, ƙanen mahaifiyarta, mai gyaran bodin mota. Mutumin nan, ko murfin tukunya ya gani a lotse ba ya iya wucewa. Ya danna fallen, ƙas. Ya sake dannawa, ƙas. Ya maƙala shi a hammata sai gareji.

Da ya sa masa wutar walda, sai ya miƙe sambal. Da ya huce, ya sake lanƙwashewa. Kawu ya ce, "Ni za ka yi wa taurin kai?" Ya ɗauko guduma.

Ummusalma ta gama birkice gida tana nema, sai ga Kawu ya dawo da shi yana murmushi. Fallen ya kwanta kam, amma ya ƙone, ya tsage, zaruruwa sun yi cirko-cirko.

"Kawu! Wa ya sa ka?"

"Ke, ji mini yarinya. Kayan banza suka ba ki, na gyara. Da wahala ma ya yarda."

"Lanƙwasar ita ce aikin, Kawu! Ita nake aunawa!"

"Karatun me ake yi a kan abin da ya karkace?"

Mahaifiyarta, Hajiya Jummare, ta fito daga kicin. Kuna tsammani ƙanenta ta yi wa faɗa? Ina! Cewa ta yi, "Mutum ya bar motocin mutane ya yi miki hidima, ki ɗaga masa murya? Durƙusa ki ba shi haƙuri."

Kai, jama'a! An kashe wa yarinya aiki, kuma ita ce mai laifi. Ta durƙusa, ta ce, "Yi haƙuri, Kawu." Ya ce ba komai, yarinta ce.

Malaminta, Dakta Jang, ya juya fallen, ya ce lissafi babu awo ba zai wuce ba, zaren kuma sai an sake odarsa daga waje.

Abokan karatunta suka gama a shekarar, Ummusalma sai a ta gaba. Hajiya Jummare har yau tana cewa yarinyar akwai zafin kai. Kawu Badruddeen kuwa yana nan a garejinsa, bai taɓa yarda ya ɓata komai ba.